LAFIYA UWAR JIKI: Ba duk mai tsayawa tsakar gona ne raggo ba



Duk wanda ya san ƙasar Kurfai ya san wuri ne da ake auna namiji da ƙarfin damtsensa. Tun zamanin yaƙe-yaƙe Kurfayawa sunka yi suna da jarumtaka, har sarautar Mayaƙi ta kafu a Filinge, kuma ɗiyansu da yawa sun yi aikin soja tun lokacin mulkin mallaka. In damina ta sauka, daga Bonkuku zuwa Cikal, daga Tukunus zuwa Sanam, gonar hatsi ce filin gwajin samari. In kaka ta yi, sai a koma filin kokowa, wadda tun 1975, sa'ad da anka buɗe gasar takobi ta ƙasa a Tawa, ta zama babban wasan Nijar. A wuri irin wanga babu zagin da ya kai a ce wa saurayi raggo zafi.

To amma akwai wani irin yaro da akan samu jefi-jefi cikin gidaje. Yana cin abinci, jikinsa a cike, ba zazzaɓi ba tari. A wajen gayya yakan kama hauya da zafinsa kamar kowa, amma kafin minti biyu ko uku sai damatsansa su ɗaure, zuciyarsa ta riƙa bugawa kamar za ta fito, ya tsaya. In ya ɗan huta ya koma a hankali, sai a ga ya yi ta aiki har azahar ba tare da ya sake kukan komai ba. Nan ne mutane suke kama shi. Uba ya ce ƙiwuya ce, ga shi da anka yi masa faɗa ya yi aikin. Mushe a lakwal ya ce wayo ne na gudun wasan motsa jiki. Uwa kuwa ta ce sammu ne ko iska, a shiga neman magani.

Shekara 70 da ɗoriya ke nan da likitoci sunka san wata cutar gado wadda kamanninta ke nan daidai. A kanta, da 'yan'uwanta, za mu yi magana wanga mako.

Yadda tsoka take biyan kuɗin aikinta

Kafin a gane cutar sai an san yadda tsoka mai lafiya take samun ƙarfi. 'Yan kasuwa za su fi kowa saurin fahimta, domin tsarin ya yi kama da na kanti.

Tsoka ba ta motsi sai ta biya, kuma kuɗi iri ɗaya kaɗai take karɓa, wani sinadari da masana suke kira ATP. Abin da take riƙe da shi a hannu kaɗan ne ƙwarai, kamar canjin aljihu, sakan biyu ko uku na aiki mai tsanani ya ƙare. Bayansa akwai 'yar ajiya ta kusa, mai suna fosfokireyatin, kamar kuɗin da ke cikin akwati ƙarƙashin tebur. Ita ma ba ta wuce sakan 10 in ana aiki da iyakar ƙarfi. Da ita ne ɗan kokowa yake ɗaga abokin karawarsa, da ita ɗan dako yake cira buhu daga ƙasa zuwa kafaɗa.

In waɗanga sun ƙare sai a buɗe rumbu. Cikin kowace tsoka akwai sukari da jiki ya ɗaure ya ajiye, kamar yadda manomi yake ɗaure damman hatsi. Sunan wanga ajiyayyen sukari gilikojen, kuma Bafaranshen nan Claude Bernard ne ya fara fitar da shi daga hanta a 1857. Babban mutum yana ɗauke da kimanin giram 400 cikin tsokokinsa, da kimanin giram 100 cikin hanta. Da wanga rumbu ne ake yin gudu, da hawan tudu, da noman gasa, da jan guga cike daga rijiya mai zurfi. In aikin ya yi tsanani har iskar oksijen ta kasa wadata, tsoka tana iya ƙona sukarin rabi da rabi, ta zuba ragowar, wadda ake kira laktat, cikin jini.

Hanya ta ƙarshe ita ce kayan da suke zuwa daga nesa: sukarin da hanta take sakowa cikin jini, da kitsen da jiki ya ajiye. Waɗanga suna da yawa, musamman kitse, wanda zai iya riƙe mutum kwana da kwanaki. Sai dai kamar kamyon kaya ne da ya taso daga Yamai zuwa Filinge, sai an jira shi. Sai zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyin jini sun buɗe, numfashi ya daidaita, sa'an nan kayan su fara isowa da yawa. Wanga shiri yakan ɗauki mintoci.

Kowane mataki cikin waɗanga yana da nasa ma'aikaci, wani ɗan ƙaramin sinadari da jiki yake ƙerawa, wanda likitoci suke kira anzim. Wani yana kwance damin sukari, wani yana sussuka, wani yana shigar da kitse inda za a ƙona shi. Tsarin ƙera kowane anzim kuwa a rubuce yake cikin ƙwayoyin gado da mutum ya samo daga uwa da uba. In rubutun ya zo da kuskure, sai ma'aikacin ya rasa, aikinsa ya tsaya.

Rumbu cike, mabuɗi babu

A 1951, a asibitin Guy's da ke Landan, wani likita mai suna Brian McArdle ya duba wani mutum ɗan shekara 30 wanda tun yarintarsa yake fama da ciwon tsoka da ɗaurewa duk sa'ad da ya yi aikin ƙarfi. McArdle ya ɗaure masa damtse domin ya tsai da jini, ya sa shi ya yi ta matsa hannu, sa'an nan ya auna jininsa. Ga mai lafiya, laktat yakan hau ninki-ninki bayan irin wanga gwaji. Ga wanga mutum bai hau ba ko kaɗan, hannun kuwa ya ƙage ya ƙi buɗuwa. McArdle ya yanke cewa tsokar mutumin ba ta iya taɓa sukarin da ta ajiye. A 1959 wasu masu bincike a Amurka sunka gano anzim ɗin da ya rasa: fosforilaz na tsoka, wato mabuɗin rumbu. Tun daga nan cutar ta ɗauki sunan McArdle.

Mai wagga cuta rumbunsa a cike yake, har ya fi na sauran mutane cika, tun da ana zubawa ba a ɗiba. Sakan na farko na aiki lafiya lau, domin canjin aljihu da na akwati suna nan. Da sun ƙare sai tsoka ta juya ga rumbu ta iske shi a kulle, kamyo kuwa bai iso ba tukuna. A wanga tsakani ne wahalar take: tsoka ta yi nauyi, ta yi zafi, zuciya ta riƙa gudu fiye da yadda aikin ya cancanta. In mutum ya matsa, sai tsokar ta ƙage ta yi tauri kamar itace, ta kwashe awoyi ba ta saki ba.

In kuwa ya sassauta, ko ya tsaya kaɗan sa'an nan ya ci gaba a hankali, bayan minti 6 zuwa 10 sai al'amari ya sake. Hanta tana da nata mabuɗi dabam, kuma shi lafiya lau yake, saboda haka tana sako sukari cikin jini. Kitse ma ya fara isowa. Bugun zuciya ya sauka, ciwo ya tafi, mutum ya ji ƙarfi ya komo. Likitoci suna kiran wanga abu numfashi na biyu, kuma shi ne babbar alamar da suke gane cutar da ita. Ashe abin da uba da mushe sunka kafa hujja da shi cewa yaro yana ƙarya, shi ne shaidar gaskiyarsa.

Sa'ad da fitsari ya koma kamar shayi

Da a ce iyakar abin ciwo ne da zagi, da da sauƙi. Haɗarin yana ga tilastawa. Tsokar da anka matsa wa aiki alhali ba ta da abin biya takan farfashe daga ciki, ta zubar da jan sinadarin da ke cikinta, mai suna miyogulobin, cikin jini. Ƙoda ce mai tace jini, sai wanga sinadari ya toshe 'yan hanyoyinta. Alamar da ake gani ita ce fitsari ya koma launin shayi mai kauri ko na Coca-Cola, awoyi kaɗan bayan aikin, tare da kumburi da ciwon tsoka. Kimanin rabin masu cutar McArdle sukan gamu da wanga aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu, wasu kuma har ƙodarsu ta tsaya a yi musu wankin ƙoda.

A nan ya kamata mutanen jahar Tilaberi su lura ƙwarai, domin mun saba da tsargiya, wadda yara suke ɗauka wajen wanka a kogi da tabkuna. Mai tsargiya jini yake gani ja, galibi a ƙarshen fitsari, kuma abin yana daɗewa makonni da watanni. Wanga kuwa fitsarin duka ne yake rinewa, farat ɗaya, bayan aikin ƙarfi. Wanda ya ga haka kada ya tsaya neman maganin tsargiya wurin mai tebur. Ya sha ruwa da yawa, ya bar aiki, a kai shi likita ran nan. In fitsarin ya ragu ko ya ɗauke, to magana ta zama ta gaggawa, kuma tsakanin Filinge da Yamai, inda ake wankin ƙoda, akwai kimanin kilomita 180. Ƙarin ruwa ta jijiya da wuri shi ne yake ceton ƙoda.

Abu biyu suna ƙara dagula al'amari a wajenmu. Na farko zafin rana, wanda a watannin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40, ya busar da ruwan jiki. Na biyu ƙwayoyin kashe ciwo da masu aikin ƙarfi suke sha domin su jure. Hausawa sun ce jiki magayi. Ciwon da tsoka take yi shi ne saƙon da take aikowa cewa a dakata. Wanda ya sha tramol ya toshe bakin ɗan saƙo ke nan, ɓarna kuwa tana ci gaba. Magunguna irin su dikulofenak da ibuprofen kuma suna ƙara wa ƙodar da ta riga ta jigata nauyi.

Sannu ba ta hana zuwa

Har yanzu babu maganin da yake mayar da anzim ɗin da ya rasa. Amma wanda ya san halin jikinsa yana iya noma, ya yi fatauci, ya yi aikin gwamnati, ya yi aure ya tsufa kamar kowa. Cutar ba ta taɓa hankali, kuma galibi ba ta taɓa zuciya.

Dokar farko ita ce farawa a hankali. Minti 10 na farkon kowane aiki a yi su da sassauci, a tsaya in ciwo ya taso, a ci gaba in ya lafa, har numfashi na biyu ya zo. Doka ta biyu, aikin da yake bukatar iyakar ƙarfi, kamar ɗaga buhu, tura motar da ta kafe cikin rairayi ko riƙe sa mai fizga, kada ya wuce 'yan sakan kaɗan ba tare da hutu ba. Ta uku, in tsoka ta ƙage kada a miƙe ta da ƙarfi, kada a murza ta, a bar ta ta saki da kanta. Zama wuri ɗaya kuma ba shi ne mafita ba: bincike ya nuna tafiyar ƙasa ko tuƙa keke a kai a kai, ba da gaggawa ba, yana ƙara wa tsokar masu cutar iya ƙona kitse, wahalarsu ta ragu.

A 2003 likitoci biyu, John Vissing na Kopenhagen da Ronald Haller na Dallas, sun ba masu cutar ruwan da anka narka giram 75 na sukari a ciki kafin su hau keken gwaji. Bugun zuciyarsu ya sauka, aikin ya yi musu sauƙi tun daga farko, domin kamyo ya riga ya iso kafin a buɗe kanti. Daga baya an ga cewa rabin wanga adadi ma yana isa in an sha shi minti kaɗan kafin aiki. Dabara ce ta ranar aiki mai nauyi kaɗai, domin sukari kullum yana jawo ƙiba da nasa ciwo. An kuma ga cewa abinci mai yawan hatsi ya fi musu amfani bisa mai yawan nama. A nan tuwonmu da furarmu sun wadatar.

'Yan'uwan cutar

Fosforilaz ba shi kaɗai ne anzim da ake iya gadon rashinsa ba, kuma shawarar da ta dace da wani tana iya cutar da wani. A 1965 likitan Japan Seiichiro Tarui ya bayyana wata cuta mai kama da ta McArdle, inda rumbu yake buɗuwa amma mataki na gaba, na sarrafa sukarin, shi ne ya lalace. Mai cutar Tarui in ya sha sukari kafin aiki wahalarsa ƙaruwa take yi, domin sukarin yana hana kitse fitowa alhali tsokarsa ba ta iya amfani da shi.

Akwai kuma wadda anka bayyana a 1973, ta rashin anzim mai suna CPT 2, wanda aikinsa shigar da kitse inda ake ƙona shi. Mai ita yana iya gudu da kokowa da ɗaukar kaya ba wata damuwa, tun da rumbunsa yana buɗuwa. Abin da yake kayar da shi doguwar wahala ce: tafiyar yini guda bayan dabbobi, aiki da yunwa, zazzaɓi, ko sanyin hunturu, wato lokacin da sukari ya ƙare jiki ya dogara ga kitse. Wanda ya lura fitsarinsa yana rinewa duk sa'ad da ya haɗa azumi da aikin gona, ya gaya wa likita, ya kuma tambayi malamai, domin addini ya yi wa marar lafiya sauƙi.

Wata kuma, ta rashin anzim mai suna fosfogiliserat mutaz, yawancin waɗanda anka samu da ita baƙaƙen fatar Amurka ne, jikokin mutanen da anka kwasa daga wagga nahiya tamu. Wanga kaɗai ya isa ya nuna cewa cututtukan nan ba na Turawa kaɗai ba ne.

Maganar gado

Cutar McArdle ba ta bayyana sai yaro ya gaji kuskuren ta wajen uwa da uba duka biyu. Wanda ya gaje shi ta gefe ɗaya lafiyarsa lau, bai ma san yana ɗauke da shi ba. In irin waɗanga biyu sunka yi aure, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da cutar, mace ko namiji. Tsarin daidai yake da na emasi, wadda kowa ya sani.

A Turai da Amurka ana ƙiyasta mutum 1 cikin 100.000, ko ƙasa da haka kaɗan, yake da ita. In anka ɗora wanga lissafi bisa Nijar, mai mutum sama da miliyon 25, za a samu mutum wajen 250. Auren zumunci kuwa yana ƙara yawan haɗuwar irin waɗanga kurakurai, domin ɗan wa da 'yar ƙane kaka ɗaya sunka gada. Ba muna cewa a bar auren zumunci ba ne, wanda ya riƙe gidaje da dukiya tun kaka da kakanni. Amma gidan da anka ga yaro biyu ko uku da alamu iri ɗaya, ya kamata dattawansa su sa wanga cikin lissafi kafin su ƙulla wani auren. Ko a ƙasashen da suke da manyan asibitoci, da yawa daga masu cutar ba a gano su sai sun wuce shekara 30, bayan sun sha zagi tun suna lakwal.

Wanda ya fi yawa cikinmu

Akwai wani rashin anzim na gado da ba sai an yi dogon nema ba a ƙasarmu: na G6PD. Mutum kimanin miliyon 400 suke da shi a duniya, kuma a wurare da yawa na Afirka ta Yamma ya wuce namiji 1 cikin 10. Ta wajen uwa namiji yake gadonsa, shi ya sa ya fi bayyana ga maza. Ya yawaita ne a ƙasashen sauro domin yana ba da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. An gano shi a 1956 a Shikago, bayan an lura maganin zazzaɓi mai suna pirimakin yana fasa jinin wasu sojojin Amurka baƙaƙen fata.

Aikin wanga anzim ba samar da ƙarfi ba ne. Garkuwa yake ƙera wa jajayen ƙwayoyin jini, wadda take kare su daga wasu sinadarai masu ci kamar tsatsa. Saboda haka tsokar mai rashinsa tana buɗe rumbunta ta ƙona kitsenta kamar ta kowa. Gwaje-gwajen da anka yi, a ƙasar Girka da wasu wurare, sun nuna motsa jiki, ko da mai wahala ne, galibi ba ya fasa musu jini. Mai rashin G6PD yana iya kokowa, yana iya balo, yana iya aikin soja.

Abin da zai kiyaye yana wani wuri. Akwai magunguna irin su pirimakin, dapson da nitirofurantoyin. Akwai ƙwayoyin kafur da ake sakawa cikin akwatin tufafi, waɗanda suke da haɗari ƙwarai ga jarirai, haka ma lalle in anka shafa wa jinjiri a jiki. Akwai kuma waken nan mai faɗi da ake dafa ful da shi a Masar, Sudan da Makka, abin lura ga alhazai da fatake. Wakenmu na gida ba ya cikin wanga lissafi, a ci shi da kwanciyar hankali. In jini ya fashe, nan ma fitsari yakan yi duhu, amma tare da shawara a ido da kasala, kwana ɗaya zuwa uku bayan shan maganin. Jaririn da idonsa ya yi ɗorawa cikin makon haihuwa a kai shi likita ba tare da jiran suna ba.

Sai kuma masu ɗauke da rabin emasi, waɗanda ake rubuta wa AS, kusan mutum 1 cikin 4 ko 5 a Nijar. Nasu ba rashin anzim ba ne, kuma lafiyarsu lau a rayuwar yau da kullum. Amma binciken da anka yi cikin sojojin Amurka ya nuna sun fi sauran saurin farfashewar tsoka in anka haɗa musu gudu mai tsanani da zafi da ƙishirwa, ya kuma nuna cewa ruwa, hutu da horo mataki-mataki suna kawar da yawancin haɗarin.

Abin da ya rataya a wuyan kowa

Ga iyaye: yaron da yake kukan ɗaurewar tsoka a farkon aiki kullum, tun yana ƙarami, a saurare shi. Raggo na gaskiya ba ya komawa aiki da kansa bayan minti 10. A tambaye shi launin fitsarinsa, domin kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba.

Ga malaman lakwal da masu horar da sabbin soja da sandarma: gudun gwaji a yi shi da sanyin safiya, da ruwa a kusa. Wanda ya faɗi ko ya ƙage kada a tashe shi da bulala ko da horon tsallen kwaɗo. Minti kaɗan na haƙuri sun fi watanni na wankin ƙoda arha.

Ga 'yan kasuwa masu ɗaukar 'yan dako a Balleyara ranar Lahadi ko a kasuwar Filinge: yaron da ba ya iya sauke kamyo da gaggawa yana iya zama mafi amfani wajen awo, lissafi ko rakiyar kaya. A sauya masa aiki ya fi a kore shi.

Ga majo da likitocinmu na karkara: tambaya uku ba su cin ko dala. Yaushe ciwon yake farawa, a mintocin farko ko bayan awoyi? Yana sauƙi in an ci gaba a hankali? Fitsari ya taɓa rinewa? Bayan haka akwai awon jini mai suna CPK, wanda ake yi a manyan ɗakunan awo. Ga mai cutar McArdle yakan nuna ninki biyar ko fiye bisa ƙa'ida, ko da mutum yana hutawa. Tafiyar minti 12 a fili, ana ƙirga bugun zuciya minti-minti, tana iya nuna numfashi na biyu ƙarara. Tabbaci na ƙarshe sai awon ƙwayoyin gado ko na ɗan yankin tsoka, amma tun kafin a kai can, shawarar farawa a hankali da kiyaye ƙoda ba ta cutar da kowa. Wanda anka tabbatar masa da cutar ya riƙa faɗa wa kowane likita kafin a yi masa tiyata ko a rubuta masa maganin rage kitsen jini.

Ga mahukunta kuma: awon G6PD yanzu akwai na gaggawa, da ɗigon jini daga yatsa. In anka haɗa shi da awon emasi ga jarirai da masu shirin aure da masu shiga aikin ɗamara, mutum zai san jininsa sau ɗaya ya riƙe har abada.

Kurfai ba za ta daina girmama ƙarfi ba, kuma bai kamata ta daina ba, domin da shi ake cika rumbu a ƙasar da ruwan sama yake da rowa. Sai dai rashin sani ya fi dare duhu. Kafin a laƙaba wa yaro sunan da zai bi shi har gidan surukai, a kai shi a auna.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.